Mamacin da Ya Yi wa Katafila Waƙa

Duk wanda ya taɓa riƙe garma a gayyar da Baffa Jatau ya kaɗa, ya san ciwon kafaɗa iri biyu: na huɗa da na jira. Kun tuna ai. Kiɗa ya yi daɗi, gangar noma tana ta ruri, samari sun jera, kowa ya ɗaga garma zai sara, sai kawai a ji tsit. Baffa ya dafe fatar ganga da tafin hannu, ya gyara murya.

"Jama'a, wannan baitin da kuka ji ba nawa ba ne. Na mahaifina ne, Nomau. Shi kuma a bakin wata Bafillatana mai tallar nono ya tsince shi, a kasuwar Bunkure."

Sai majiya ƙarfi, garemani a sama, gumi yana shiga musu ido, su haɗa baki: "Allah ya jiƙansu!" Ya ce amin, sannan ya ɗora kiɗa. Kafin a kai ƙarshen kunya ya sake tsayawa sau biyu.

Wata rana Sarkin Noman garinmu ya ƙule, ya yar da garma ya ce, "Haba Jatau! Don Allah don Annabi ka bari mu gama gonar nan, in ya so ka karanto mana matattunka gaba ɗaya!"

Baffa ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Sarkin Noma, ka taɓa cin tuwon mutum yau ka gode masa baɗi?"

Ni ne Iliya, ɗan ƙanensa Garba, ga waɗanda suka manta mai tsayawa a hagunsa yana amshi. Shekara goma sha biyar na yi a wannan hagun. A nan na yi gemu, a nan na yi aure, har na haifi 'ya'ya biyu, ban wuce "Sai da gumi, gero sai da gumi" ba. Al'adar gidanmu kuwa, ɗan amshi ba ya zama mawaƙi sai ubangidansa ya rera baitinsa a gaban jama'a ya ambaci sunansa. In ba a yi maka haka ba, ko muryarka ta fi zuma, ba mai kiran ka gayya, ko da ta gonar gyaɗa ce. To ni kuma Allah ya haɗa ni da ubangidan da ba ya ambaton kowa sai wanda ya riga mu gidan gaskiya. Abin yana ci mini rai, ba na ɓoye muku.

Tambayarsa ɗaya ce a duniya: "Wa ya ba ka?" Ko yaro ya ji yana rera wani abu a bayan tumaki, sai ya tsayar da shi ya tambaya. Akwai ranar da wani makaɗi ya zo mana daga wajen Garun Malam, da babbar riga da tabarau, yana buga ƙirji wai shi bai gaji kowa ba, duk waƙarsa daga kansa take fitowa. Baffa ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka dama masa fura, ya ce bisimilla, a rera mu ji. Mutumin ya zuba baiti uku, ya tsaya yana jiran yabo.

Baffa ya ƙirga da yatsu. "Na farko na kakana ne, ka yanke masa wutsiya. Na biyu na matan daɓe ne, ka sa masa wando. Na ukun kam naka ne, na shaida."

Baƙo ya washe baki. "Ka gani ko? Ta yaya ka gane?"

"Shi ne mara daɗin."

Mutumin nan ko furarsa bai shanye ba.

A cikin matattun Baffa akwai ɗaya da ya fi ambato, wai shi Tsoho Ƙosau. Babu wanda ya san shi, har dattawan da suka girmi Baffa. In an tambaya sai ya ce ai kafin a haife ku ya rasu. Abu ɗaya na lura da shi ban kawo komai a raina ba: duk sanda ya ce "na Tsoho Ƙosau ne", ba ya jiran addu'a. Kafin jama'a su buɗe baki ya doka ganga da ƙarfi ya wuce. Na ɗauka tausayin kafaɗun mutane ne ya kama shi.

Sai aikin ruwa ya zo. Waɗanda aka haifa bayan an tare ruwa a Tiga ba za su gane yadda abin ya girgiza mu ba. Katafila ta shigo, ta tumɓuke kuka da tsamiya, ta baje gonaki suka zama fili ɗaya, aka haƙa kanal, aka sake yanka wa kowa nasa. Ruwa ya riƙa zuwa da rani tsaka, mutanen da suka saba tafiya cin rani suka zauna suna shuka alkama da tumatir. Tarakta ta karɓe rabin huɗa, gayya ta fara ja da baya. Abin da ya rage mana na aikin taro shi ne yashe ƙananan kanal in laka ta cika su, sai yankan alkama. Waƙoƙinmu kuwa duk na damina ne, gero da dawa da hadari. Yaya za ka tsaya cikin taɓo da rani kana yi wa mutane waƙar gajimare?

Ba a yi wata biyu ba sai ga Baffa da wannan:

"Katafila giwar ƙarfe,
Ta ci kuka ta ci tsamiya,
Ba ta ci zuciyar manomi ba."

Wuri ya ɗauki sowa. Sai tsit. "Wannan ba nawa ba ne, na Tsoho Ƙosau ne." Dum! Ya wuce.

Daga nan Tsoho Ƙosau ya buɗe wuta. Ya yi wa takin zamani waƙa, ya yi wa malamin gona da babur ɗinsa, har canjin kuɗi daga fam zuwa naira bai bari ba. Labari ya bazu, har wani matashi ya zo daga jami'a da rikoda a rataye da littafi a hannu, wai yana tattara waƙoƙin gargajiya tsantsa, waɗanda zamani bai gurɓata ba. Ya ɗauki ta katafila, ya kashe rikoda, ya dubi Baffa.

"Baba, yaushe shi Tsoho Ƙosau ya rasu?"

"Tun jirgin ƙasa bai iso Kano ba."

"To... ta yaya ya san katafila?"

Baffa ya girgiza kai cikin tausayi. "Ku 'yan boko sai kun ga abu kuke sanin sa. Mutanen da kuwa, malam, ido gare su!"

Yaro ya rubuta. Ya ce yaya kamanninsa suke?

"Gajere ne, mai manyan kunnuwa. Ga taurin kai, in ya ce ba ya tafiya, ko sarki ya zo. Amma fa murya! In ya ɗaga ta da safe, har ƙauyen gaba sai an ji."

"Ko zan iya ganin kabarinsa?"

Baffa ya ja shi har bakin babbar kanal, ya nuna tsakiyar ruwa ya ce, "Nan ƙasa. Aikin gwamnati ya bi ta kansa." Matashin ya ɗauki hoton ruwa. Kada ku yi masa dariya da yawa, domin ni ma da nake tsaye a wurin sai da ƙwalla ta taru mini.

Ganin mamaci yana ta sabuwar waƙa ni mai rai an hana ni, sai zuciya ta ɗebe ni. Ranar wani yashe Baffa ya tafi suna Kura, ya bar mini ganga ya ce in riƙe wa mutane kiɗa da amshin da suka sani, kada in ƙara ko gishiri. Yana ba da baya na ce yau ranata ce. Na jima ina sauraron kaɗe-kaɗen rediyo, na haɗa wani kiɗa mai sauri, da waƙa sabuwa fil tun daga kai har ƙafa, amshi ma sabo. Mutane suna jere cikin kanal, laka har gwiwa, masu shebur suna ɗiba, masu kwanon sarki suna miƙawa sama. Na saki kaya.

Tabɗijam! Da farko babu wanda ya amsa, don ba wanda ya san amshin. Sannan hannuwa suka rikice. Wannan ya ɗebo, mai karɓa bai juyo ba. Wancan ya juyo, mai ɗiba bai sara ba. Shebur ya gwabza da shebur, wani ya zame ya zauna daɓas cikin taɓo. Ana haka wani saurayi da ya dage sai ya bi saurin kiɗana ya watsa laka cike da shebur, ta sauka a fuskar Sarkin Noma. Ya share ido ɗaya, ya dube ni da shi, ya ce, "Iliya, in ba ka ajiye gangar nan ba, da ita za mu toshe kwalbati."

Da Baffa ya dawo ya ji labari, bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ya yi. Dariya ya yi har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Kai a zatonka don kunne aka yi kiɗan noma? Don ƙugu aka yi shi. Waɗanda suka auna shi da garma suka auna, kaka da kakanni suna sara suna gyarawa. Kai ka zo rana ɗaya da ma'aunin rediyo."

Na haɗiye. Na koma na zauna na ɗora baiti nawa a kan tsohon kiɗa da tsohon amshi, na kawo masa. Ko bari in kai ƙarshe bai yi ba.

"Wa ya ba ka?"

"Ni na yi, Baffa."

"To ajiye kayanka."

Ranar na yanke shawarar barin gida. Sa'o'ina da yawa sun tafi Kano aikin kamfani, na ce ni ma gara in je in yi dako da in tsufa ina "sai da gumi". Na shiga cikin gida in yi sallama da matarsa, Inna Kande, na same ta a tsakar gida tana yanka tumatir tana shanyawa. Na zauna na zazzage mata cikina, na ƙare da cewa, "Inna, ni dai na gane. Sai na mutu kamar Tsoho Ƙosau kafin Baffa ya ambace ni."

Wuƙa ta faɗi daga hannunta. Ta yi dariya har tana dukan cinya.

"Wane tsoho? Kai ma ka hau? Ƙosau ai jakinsa ne!"

"Jaki, Inna?"

"Jaki mai ƙafa huɗu! Shi ya ɗauko kayan ɗakina ranar da na tare. Wani ƙanjamamme da shi, don tsiya aka sa masa Ƙosau."

Na tuna gajere mai manyan kunnuwa, na tuna ƙwallar da na yi a bakin kanal, kunya ta rufe ni. Da ta huce sai ta ba ni sauran labarin. Wai Baffa yana saurayi ya taɓa kawo wa kakanmu Nomau baitin da ya yi da kansa, tsohon ya zane shi da tsumagiya, ya ce gidan nan ba a ƙari a kan abin da aka gada. "Tun daga ranar," in ji Inna, "duk abin da ya fito daga kan Baffanka sai ya ɗora wa jaki. Jaki dai ai ɗaukar kaya ne aikinsa. Ba ka ga ba ya bari a yi masa addu'a ba? Ƙarya ce yake iya yi, amma ba zai sa Musulmi su roƙa wa jaki gafara ba."

Washegari da hantsi na same shi a ƙofar gida, ya jiƙa sabuwar fatar akuya yana ɗaura wa ganga. Na gaishe shi, na durƙusa, na ce, "Baffa, na samo wani baiti na Tsoho Ƙosau da ba ka taɓa rerawa ba."

Hannunsa ya tsaya. Ya dube ni, ya waiwaya ya dubi ƙofar gida, ya yi tsaki. "Sirri a bakin Kande kamar tumatir ne a kwando, ba ya kwana uku. To, rera mu ji."

Na rera masa:

"Da can rago yana cewa sama ce ta hana shi noma,
Yau ga ruwa ya biyo ƙasa har gona, sai mu ji abin da zai ce."

"A'a," in ji Baffa. "Wannan ba na Ƙosau ba ne. Ƙosau bai taɓa yin gurgun baiti ba, ƙafa huɗu gare shi. Dubi tsawonsa! Mutum zai ɗaga shebur ya tsaya yana jiran ka gama?"

Na so in ce wa ya kai ka sa mutane jira da kaya a sama, amma na ja bakina. Ya sa ni na riƙa rerawa yana buga cinya da gula, duk kalmar da ta zarce bugu sai ya ce in zubar. Muka yi ta yi har rana ta take, abin da ya rage shi ne:

"Rago ya ce sama ta ƙi,
Ga ruwa ƙasa, rago me ka ce?"

Ya maimaita sau biyu a hankali, bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba. Sai ya ƙwanƙwasa jikin ganga da yatsa. "Ka ga icen nan? Na Baba ne, shi ma gada ya yi. Ba a taɓa shi. Fata kuwa, na manta yawan awakin da suka mutu a kansa. Ice kaɗai ba ya ƙara, fata kaɗai sai dai a yi buzu. Kai ranar nan fata ka kawo wa mutane babu ice. Wancan ɗan jami'ar kuma ice yake nema babu fata, ya kai ɗaki ya ajiye."

Na ce, "To Baffa, tunda haka ne, me ya hana ka ce naka naka ne?"

Ya ja igiyar fata ya ɗaure, ya ce: "Mutum ba ya tsayawa ya ce ni na yi. Sai wani ya faɗa. Ni kuwa Baba ya rasu bai faɗa ba. Ganga na gada, izini ban gada ba."

Wallahi duk haushin da na tara shekara goma sha biyar, a nan ya zube. Dattijo mai furfura, wanda ƙasar nan kaf ba a gayya sai da shi, ashe shi ma jira yake, kuma wanda yake jira ba zai dawo ba. Na fasa zuwa Kano, ban gaya masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba.

Bayan an cire alkama aka sake kiran yashe, a kanal ɗin nan dai, mutanen nan dai, har Sarkin Noma da ke hararata tun daga nesa. Baffa ya ɗauki tsohon kiɗa, aiki ya miƙe, laka tana ta tashi. Ya yi na Nomau, aka yi addu'a. Ya yi na Ƙosau, ya doke ya wuce. Ina amshi kawai sai na ji:

"Rago ya ce sama ta ƙi,
Ga ruwa ƙasa, rago me ka ce?"

Samari suka ɗauka da sowa, ana nuna wani mai fakewa a inuwar kwalbati. Na sunkuyar da kai. Na ce shi ke nan, jaki ya samu ƙarin kaya. Sai tsit. Shebur cike da laka a sama, kowa yana jira.

"Jama'a, wannan ba nawa ba ne." Ya juyo ya dube ni. "Na Iliya ne, ɗan ƙanena Garba."

Mutanen nan, saboda sabo, suka haɗa baki gaba ɗaya: "Allah ya jiƙansa!"

Na daka tsalle. "Kai jama'a! Ga ni nan tsaye da raina!"

Dariya ta kwance kowa, Sarkin Noma har ya saki shebur. Baffa kuwa ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Amin dai. Mai rai ma yana bukata." Ya ciro igiyar ganga daga kafaɗarsa ya rataya mini, ya danƙa mini gula, ya koma hagu inda na saba tsayawa. "Ɗora, mutane suna jira."

Na ɗora, hawaye yana zuba. Shi ya yi mini amshi har aka tashi, kuma sau biyu yana zungurata da gwiwar hannu wai ina sauri.

Damina biyu ya ƙara a duniya. Gayyar farko da aka kira ni bayan rasuwarsa, na rera ta katafila, da na kai ƙarshe na dafe fata. Na ga kafaɗu sun tsaya, na ji wani yana cewa, "Af, an gada!" Na ce, "Jama'a, wannan ba nawa ba ne, ba kuma na Ƙosau ba ne. Ƙosau jaki ne, yau na sauke masa kaya. Wannan, da ta taki, da ta malamin gona, da duk sauran, na Jatau ne ɗan Nomau. Shi ya yi su da kansa."

Ban doka ganga ba. Na tsaya na bari suka yi addu'ar har ƙarshe, ba kuma wanda ya ce kafaɗarsa ta gaji.

Allah ya jiƙan Baffa Jatau, ya yafe masa ƙaryar Ƙosau da sauran kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda bai taɓa cin haƙƙin kowa ko na baiti ɗaya ba, Allah ya kira shi da sunansa cikin bayinsa na gari. Amin.